Yadda Agogon Alhaji Ya Je Dungu Ta Sama

Ranar Talata ce, washegarin ruwan shuka. Gari ya waye da sanyi-sanyi, ƙasa ta yi laushi har takalmi na nutsewa, duk Matameye tana ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi. A satin ne 'yan cin rani suka gama dawowa daga Najeriya, kowa da sabuwar riga da sabon agogo. A irin wannan safiya kowane ɗan kirki yana gona. Ni ina bisa katanga ina kallon tantabaruna suna cin gero.

Mahaifina, Alhaji Mahamadu, ya ƙwala mini kira daga zaure. Na same shi zaune da ƙanensa Baba Cha'ibu da kuma yayana Mahaman, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. A kan tabarma ga agoguna biyu.

Maganar Mansur ce. Mansur ɗan Gwaggo Kande ne, ƙanwar Alhaji, wato taubashina. Tare aka sa mu lakwal, makarantar boko, benci ɗaya. Ni na fita tun a aji shida, ranar da na gane taga ta fi allo abin kallo. Shi ya ci gaba, Damagaram, Yamai, har ƙasar waje, ga shi yanzu ya zama matuƙin jirgin sama. Ran Juma'a zai zo gaida dangi, ran Lahadi ya koma. Dangi sun yanke shawarar a ba shi agogo, nan kuwa rigima ta tashi. Baba Cha'ibu ya zo da wani mai ruwan zinariya daga Kano, mai nauyi, da ƙananan fuskoki uku a cikin babbar. Yaya Mahaman ya zo da baƙi na roba daga Fatakwal, mai lambobi da maɓallai shida. Kowa so yake a ce nasa ne ke yawo a sararin sama. Kwana uku ba su ci abinci kwano ɗaya ba.

Alhaji ya ce, "Isma'ila, kai ne taubashinsa. Duk wanda ka zaɓa ba mai jin haushi, za a ce wasa ne. Ka ɗauka, ka duba, ka zaɓi wanda ya dace da mai tuƙin jirgi."

Na miƙa hannu, ya dafe agogunan.

"Ban gama ba. Na kai ka ɗinki, ka gudu. Na kai ka gareji, ka gudu. Kabu-kabu kuwa mai babur ne ya gudu da abinsa kafin ka kashe shi. Shekara biyu kana damuna in bar ka ka tafi Yamai. To ga aiki ɗaya. In ka kai shi ƙarshe ba a kawo mini ƙara ko ɗaya ba, ran Lahadi ka bi Mansur. In an kawo, ga hauya can."

Yamai! Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na riga na ga kaina a bakin filin jirgi, ko da share ƙasa ne nake yi, jirage na wucewa ta kaina.

Ina fita na kira Mansur a salula.

Ya ce, "Wa nake ji? Bawana ne?"

"Ubangidanka ne. An ce in zaɓa maka agogo, don kada ka sauke mutane a Agadas kana zaton Makka ce. Faɗa mini, wane iri kuke ɗaurawa?"

Ya ɗan yi shiru. Da ina da hankali, da na gane shirun nan na mai danne dariya ne.

Ya ce, "Abu biyar. Na ɗaya, fuska mai karantuwa da kallo ɗaya. Na biyu, ya jure sanyi, don can sama ruwa ma daskarewa yake. Na uku, girgiza, ka san inji. Na huɗu, tsawo. Agogon da bai taɓa barin ƙasa ba, yana hawa sama yake rikicewa."

"Na biyar fa?"

"Lokaci. Mu a sama ba da lokacinku muke aiki ba. Duk matuƙan duniya lokaci ɗaya gare su, kuma awa guda yake bayan naku. Isma'ila, kada ka yarda da bakin mai kaya. A gwada. Rai ne a ciki."

Rai ne a ciki. Wannan kalma ita ta ci ni.

Na fara da sanyi. Maƙwabciyarmu Sadiyya tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, firigonta ne ya fi na kowa ƙarfi a unguwa. Na ce mata ajiya zan yi ta kwana ɗaya, ta ce in shiga tana wanki. Na yi tunani: gajimare ai ruwa ne, jirgi kuma ta cikinsa yake bi, saboda haka sanyin busasshe ba gwaji ba ne. Na sami kwano, na cika da ruwa, na nutsar da agogon Baba Cha'ibu. Wuri ya yi kaɗan a cikin firigon, sai na fitar da ƙullin zoɓo goma sha biyu na jera bayan ƙofa, da niyyar in gaya mata. Na fito na tarar tantabaru biyu suna faɗa, na manta.

Da safiyar Laraba na ɗauko kwanon. Wallahi abin ya yi kyau. Ga agogo a tsakiyar ƙanƙara yana ƙyalli kamar kifi. Illa dai hannayensa sun tsaya a huɗu saura ashirin. Na sa a rana ya narke. Zinariyar ta biyo ruwan, tana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ƙarƙashinta wani farin ƙarfe mai kama da cokali. Ƙananan fuskokin nan uku ma ashe zane ne, ɗaya ta ɓalle tana iyo a cikin gilashi. Na ce a raina, Alhamdu lillahi da aka gwada. Na naɗe shi a tsumma na tura cikin tukunyar tantabara.

Saura na Yaya Mahaman. A Matameye ba abin da ya kai injin niƙan bakin tasha girgiza. In yana aiki har haƙoranka kake ji. Daidai lokacin Gwaggo Kande ta ba ni geron furar tarbar Mansur in kai niƙa. Aiki biyu a tafiya ɗaya. Mai injin ya juya baya yana zuba mai, ni kuma na ɗaura agogon a bakin mazurarin da ake zuba hatsi, inda rawar ta fi yawa.

Minti biyar yana lafiya, lambobinsa na tafiya daidai. Har na fara shirya jawabin da zan yi. Sai ya soma kuka da kansa, ƙit-ƙit-ƙit, fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa. Na kai hannu in kashe, maɗaurin ya zame. Na gan shi yana bin gero a hankali, yana kuka, har ya shige.

Injin ya yi wata irin ƙara kamar jaki ya haɗiyi dutse. Gari ya fito toka-toka, da 'yan baƙaƙen gutsattsari, da maɓalli guda lafiyayye.

Mai injin ya ce, "Ɗan Alhaji, me ka sa mini a inji?"

"Bincike ne, Malam."

"Bari in rufe, mu je ka yi wa Alhaji bayanin binciken."

Na roƙe shi ya bari sai Litinin. Na share masa shago, na wanke masa buhuna, na ɗebo masa ruwa jarka huɗu, sannan ya ce zai yi tunani. Garin kuwa na zubar a rami. Na koma gida na kwashe geron tantabaruna kaf, na kawo aka niƙa wa Gwaggo. Har ta yaba, wai geron ya fi auki.

Da azahar ina zaune a tsakar gida, ba agogo ko ɗaya, Yamai tana nisa da ni kamar wata. Alhaji yana kan kujerarsa da rediyo a cinya. Mai labarai ya ce, "Ƙarfe biyu da rabi agogon Nijar da Najeriya, ɗaya da rabi agogon GMT da Ghana." Alhaji ya duba hannunsa, ya gyaɗa kai, ya murɗa ɗan kan agogonsa sau goma kamar yadda yake yi kullum.

Sai da na miƙe tsaye.

Kowa a gidanmu ya san agogon Alhaji. Da yana saurayi, sa'o'insa suna tsayawa cin rani Kano, shi ya zarce har Kumasi, can ya sayo shi. Ƙarami ne, baƙar fuska, fararen lambobi manya, maɗaurin fata da dukawan garin nan suka sake masa ya fi sau biyar. Kuma tun da ya dawo, shekara talatin da wani abu, bai taɓa juya shi zuwa lokacinmu ba. In an yi magana ya ce agogon ya saba, ba a tsufa a koyi sabon hali. Duk gidan mun iya: in ka leƙa hannun Alhaji, ka ƙara awa ɗaya. Baƙi kuwa sun sha rasa mota saboda shi.

Awa guda baya. Fuska mai karantuwa. Ashe shekara talatin muna zaune da agogon matuƙa a gida, muna yi masa dariya!

Nan take dabara ta zo mini. In na nuna wa dangi cewa agogon Alhaji ne ya ci jarrabawa, daɗi zai rufe shi, ba zai tambayi sauran biyun ba sai na kai Yamai. Sanyi da inji na yafe masa, na ga abin da suke yi. Tsawo kaɗai ya rage, kuma shi ba zan tsallake ba. Rai ne a ciki.

Na duba itacen kuka, na ga bai kai ba. Na duba ƙarfen salula na bayan kasuwa, na tuna mai gadi da karensa. Sannan na duba katangata.

A cikin tantabaruna goma sha bakwai akwai wani ƙaton namiji, fari mai baƙin wuya, ƙirjinsa kamar na ɗan dambe. Na sa masa suna Kumandan. Wata biyu da suka wuce na samo shi daga wurin Shekara, wani tsohon mai kiwon tantabara a Dungu. Na fige masa fiffike kamar yadda ake yi wa baƙo don ya saba da gida, yanzu gashin ya fito sabo fil, bai dai taɓa tashi nesa ba.

Alhaji yana da al'ada: in zai yi alwalar la'asar sai ya cire agogon ya rataye a ƙusar zaure, ba ya mai da shi sai ya dawo daga masallaci, kuma ba ya dawowa sai ya gama hira da tsofaffi. Awa guda cur. Minti goma kawai nake buƙata.

Na yagi ƙyalle, na ɗaura agogon a bayan Kumandan, na zagayo ta ƙarƙashin fukafukai, na ɗaure a ƙirji. Ya tsaya yana kallona da ido ɗaya. Na ce, "Zagaye uku, ka dawo." Na hau katanga, na yi bisimilla, na cilla shi.

Ya nutsa kamar zai faɗi, sannan ya kama iska. Ya hau. Ya ƙara hawa. Rana ta bugi gilashin, wani haske ya walƙa a sama da rufin masallaci. Zagaye ɗaya, biyu, uku. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Na yi masa fito, na kaɗa kwanon tsaba.

Ya miƙe wuya, ya saita hanyar Dungu, ya tafi kamar an aike shi.

A lokacin na tuna abin da duk yaron da ya taɓa riƙe tantabara ya sani: namiji ba ya manta inda macensa take. Da na je ɗaukar Kumandan, na ce Shekara ya haɗa mini da macen tsuntsun, ya ƙi. Wata biyu ke nan ina ciyar da namijin da ke jiran fiffike kawai.

Da Alhaji ya dawo ya ga ƙusa ba komai, gidan ya hargitse. Ni na fi kowa nema. Na ɗaga tabarmi, na leƙa randa, har na ba da shawarar a duba bakin akuya. Alhaji ya daɗe yana kallona.

Ran Alhamis da sassafe na ari babur na nufi Dungu, ina ratsa gonaki, mutane sun duƙa suna shuka suna ɗago kai suna kallon wanda ba shi da aikin yi. Na sami Shekara a ƙofar gidansa yana shan kunu. Kumandan na bisa bango kusa da matarsa, yana kumbura wuya. Agogon Alhaji na hannun Shekara.

Ya ce, "A'a, Isma'ila na Matameye! Ka yi sammako. Bari in duba maka." Ya ɗaga hannu har saitin hanci. "Ƙarfe shida da kwata. Ko da yake an ce mini sai an ƙara ɗaya."

"Baba Shekara, agogon mahaifina ne."

"Ikon Allah. Ni dai tsuntsu ya sauka a gidana. Mene ne ƙa'idarmu, ɗana? Tuna mini, na tsufa."

Ƙa'idar masu tantabara ba a rubuce take ba, amma daga Tsauni har bakin iyaka kowa ya san ta: tsuntsun da ya sauka a gidanka da fiffikensa naka ne, ba a biyo sawu.

Ya ce, "Ka manta? Shekara uku da suka wuce, da na kawo tantabaru kasuwarku kwandon ya buɗe, guda uku suka sauka a katangar wani yaro. An ce har riɗi yake watsa musu da ruwan kanwa. Na je, ya tsaya a kan katanga ya karanta mini ƙa'idar nan tun daga farko har ƙarshe. Ka san shi?"

"Yarinta ce, Baba."

"To ni tsufa ne. Tsuntsu nawa, kayan da ya ɗauko nawa. Ban taɓa ganin tantabara ta dawo daga cin rani da tsaraba ba sai wannan."

Na yi magiya har kunun ya huce. A ƙarshe ya ce zai mayar da agogo, amma a ba shi tantabarunsa uku, da 'ya'yansu, da jikokinsu. Na ƙirga a zuci. Sha huɗu. Na ce na yarda, zan kawo su da kaina a ɓoye.

Ya ce, "A'a. Kai da ka aiko agogo ta sama? Gobe zan zo da kwanduna in zaɓa da idona. Agogo yana hannuna sai na ƙirga."

Gobe kuwa Juma'a.

Bayan an sauko daga masallaci gidanmu ya cika. Mansur ya iso cikin farar riga, ya yi ƙiba kaɗan, mata na ta guɗa. Gwaggo Kande ta kawo fura. Aka zauna a zaure, Baba Cha'ibu a dama, Yaya Mahaman a hagu, kowa ya gyara zama. Alhaji ya ce, "Isma'ila, kawo wanda ka zaɓa."

Kafin in buɗe baki aka yi sallama. Shekara ne, da amalanke da kwanduna biyu. Ya shigo yana gaisawa da kowa da hannu biyu, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu don kada wani ya rasa gani. A bayansa ga Sadiyya da bokitin zoɓon da ya yi tsami. A bayanta ga mai injin niƙa, wanda ya gama tunaninsa, riƙe da maɓalli ɗaya a tafin hannu.

Yaya Mahaman ya ce, "Wannan ai maɓallin fitila ne."

Ba sai na ba da labarin rabin awar da ta biyo baya ba. Na faɗi komai. Na ɗauko tsumman daga tukunya, Baba Cha'ibu ya buɗe, ya rufe, ya ce a Kano an rantse masa. Mansur kuwa tun daga wajen ƙanƙara ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki, da aka zo kan Kumandan sai da aka ba shi ruwa.

Na ce, "Kai ka ce a gwada! Ka ce rai ne a ciki!"

"Bawana, cikin jirgi akwai agogo a gabana, akwai na'ura mai ɗumama wuri, har shayi ake kawo mini. Biyu ne gaskiya: fuskar da lokacin. Sauran ukun kyautar taubashi ce."

Aka ƙirga wa Shekara tantabaru sha huɗu a gaban jama'a. Ya cire agogon, ya goge shi da bakin riga, ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya kara a kunne. Yana tafiya.

Mansur ya daina dariya. Ya ce, "Kawu, in gani." Ya duba, ya fito da salularsa ya gwada da wani abu a ciki. "Daidai yake da lokacin da muke tashi da shi. Ko minti bai kuskure ba."

Alhaji ya dubi Baba Cha'ibu, ya dubi sauran da suka shekara talatin suna yi masa dariya, ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Sannan ya kama hannun Mansur ya ɗaura masa da kansa.

"Sau goma kowace rana, kada ka wuce. Ya riga ya san hanyar sama."

Na ga fuskar Alhaji ta saki, na matso. "Alhaji, ka ga dai zaɓina ya yi daidai."

"Ya yi. Ban taɓa zaton za ka iya ba." Ya nuna Sadiyya, ya nuna mai injin, ya nuna Shekara da ke ɗaure kwanduna. "Ƙara nawa na ce?"

"Ko ɗaya."

"Nawa ka gani?"

"Uku. In ba a sa 'yan gida ba."

"Gonar gabas ba a gama shuka ba."

Ran Lahadi na raka Mansur tasha da laka a ƙafata. Ya leƙo ta tagar mota, ya ɗaga hannu ya nuna mini agogon, ya ce duk ranar da ya bi ta saman Matameye zai duba ko ina duƙe.

Abin da aka rasa: agogo biyu, ƙullin zoɓo goma sha biyu, geron fura kwano huɗu, faifan inji ɗaya, tantabaru goma sha biyar har da Kumandan, da kujera ɗaya a motar Yamai.